Aikin Bayan Labule

Ranar wata Laraba da la'asar sakaliya 'yar ƙanwata ta shigo gidana a Mahuta, ko jakar makaranta ba ta sauke ba, ta zauna a gefen tabarma ta gaishe ni ƙasa-ƙasa. Tana aji biyar na sakandare. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu na shirin wasan da za a nuna ranar rabon kyaututtuka a watan Yuli, kuma a Larabar nan aka raba wa kowa matsayinsa. Ƙawarta ta samu fitowa a matsayin uwargidan mai gari. Ita kuwa malamin ya miƙa mata rubutun wasan da wani babban littafi mai kauri, ya ce ita ce manajar dandamali.

"Kawu, ko layi ɗaya ba a ba ni ba," in ji ta. "Ni ce shara, ni ce kiran suna, ni ce jan kujeru. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi."

Na ce ta miƙo littafin. Babu ko ɗigo a cikinsa. Na riƙe shi na daɗe ina juya fararen shafukan, domin da irinsa na fara tun ina ɗalibi, kuma na yi shekaru ina wannan aiki. Abin da na faɗa mata a daren da makonnin da suka biyo baya shi nake so in faɗa muku, ƙannena da 'ya'yana. Na san kowace shekara, a makarantun da ke tsakanin Sabon Tasha da Unguwar Boro da Kamazo da nan Mahuta, da majami'u in Kirsimeti ta gabato, da Islamiyyu in za a yi walimar sauka, akwai yaro ko yarinyar da ake danƙa wa irin wannan littafi, su karɓa rai a ɓace.

Darakta shi ke da hangen wasa. Shi ke cewa nan za a yi kuka, nan za a sassauta murya, nan mai gari zai juya baya. Amma ranar da 'yan kallo suka cika zaure, nasa ya ƙare, ba shi da abin yi sai ya zauna ya kalla kamar kowa. A manyan gidajen wasa na Ingila da Amurka da zarar an buɗe wasa darakta kan kama gabansa ya tafi wani aikin, wasan kuma ya ci gaba wata da watanni, wani ma shekaru, a hannun manajan dandamali. Shi ke cewa a fara. Ba fitilar da za ta kama, ba gangar da za a buga, ba labulen da zai motsa sai da izininsa. Malamin da ya san abin da yake yi ba ya ba da wannan aiki ga wanda aka rasa inda za a saka shi. Yakan dubi ajin ya nemi wanda in ya ce zai zo ƙarfe uku, ƙarfe uku saura za a gan shi.

Komai daga littafin nan yake farawa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. Ku raba rubutun wasan shafi-shafi, ku manna kowane shafi a gefe ɗaya, ɗaya gefen ku bar shi fari. A farin gefen nan ne za ku rubuta duk abin da ba magana ba: ta wace ƙofa tsohuwa ta shigo, a kan wace kalma ta zauna, wa ya ɗauki ƙwarya kuma a ina ya ajiye ta, yaushe fitila za ta dushe. Da fensir ake wannan rubutu, kada ku kusanci biro, domin darakta yau zai ce mai gari ya shigo ya zauna, gobe ya ce a'a, ya tsaya a bakin ƙofa, jibi ya manta ya taɓa faɗin haka. In gardama ta tashi tsakaninsa da ɗan wasa, littafinku ne alƙali. Ma'aunin littafi mai kyau shi ne wannan: in zazzaɓi ya kwantar da ku ranar wasa, wani da bai taɓa zuwa gwaji ba ya iya buɗe shi ya tafiyar da wasan daga fitowa ta farko har ta ƙarshe. Saboda haka rubutun ya fito sarai, alamomin da kuka ƙirƙiro kuma ku fassara su a shafin farko.

Ban koyi wannan da sauƙi ba. A wasan farko da na riƙe akwai fitowar da uwa za ta buɗe adaka ta ɗauko wasiƙar ɗanta da ya tafi ci-rani, ta ba yaron maƙwabta ya karanta mata. Duk wasan a kan wasiƙar nan ya rataya. Kullum ni ke saka ta a adakar, na saba har na ga ba sai na rubuta ba. A daren wasa aka kira ni wajen wata wayar lasifika da ta tsinke, na gyara, na dawo a gurguje na ce a fara. Ina tsaye a gefen labule lokacin da matar da ke fitowa a uwa ta durƙusa gaban adaka, na sa hannu a aljihu, sai na ji takarda. Ina kallonta tana ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya, tana laluben kusurwa, yaron na tsaye a kanta yana jira, zaure ya yi tsit. Can sai ta yago gefen tsohuwar jaridar da aka shimfiɗa a ƙasan adakar, ta ninke, ta miƙa masa. Allah Ya sa ya haddace abin da ke cikin wasiƙar. Da ta fito hannunta na rawa. Ta girme ni nesa ba kusa ba, tana da ikon ta wanke ni tas, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Ƙanena, gobe ka rubuta." Har yau in na tuna rawar hannun nan sai in ji nauyi a ƙirjina, domin ni na tura ta gaban jama'a hannu wofi.

Tun daga ranar nake shimfiɗa farar takarda a kan teburin kayan hannu, in ɗora kowane abu in zagaye shi da biro, in rubuta sunansa da fitowar da za a buƙace shi: goro, carbi, sanda, buta, wasiƙa. Da kun waiga kuka ga zane babu kaya a ciki, kun san akwai abin da bai dawo ba. Haka na sa 'yar ƙanwata ta yi. Na kuma nuna mata yadda ake auna dandamali a zana girmansa da alli ko salatif a ƙasan ajin da ake gwaji, don kada 'yan wasa su saba da fili mai faɗi su je su yi karo da bango. Dama da hagu a dandamali na ɗan wasa ne in ya fuskanci 'yan kallo, saɓanin na mai zaune a kujera, kuma a nan sababbi suka fi rikicewa.

Sai maganar lokaci, wadda a garinmu ita ce ta fi wuya. A gidajen wasa na Ingila in manaja ya yi kiran da suke ce wa rabin awa, to saura minti 35 a ɗaga labule, domin dole masu fitowar farko su tsaya a wurarensu minti 5 kafin a fara. Can agogo ne kawai abokin lissafi. A Mahuta sai kun san mutanenku ɗaya-ɗaya. Wannan ranar Juma'a yana masallaci. Waccan Laraba da yamma tana gwajin waƙa a majami'a. Wannan Asabar ita ke tsaron shagon mahaifiyarta. Wancan daga Maraban Rido yake zuwa, kuma ba kullum yake da kuɗin Keke ba. Wadda ke zaune ta wajen Sabon Tasha in ta wuce ƙarfe biyar ba ta kama hanya ba, cunkoson titin Kachia zai kai ta dare. Ku tambayi kowa tun ranar farko, ku rubuta, sannan ku tsara jadawalin gwaji yadda ba za a tara mutum goma sha biyar su wuni suna jiran fitowar da ta shafi mutum uku ba. In kun ce za a tashi ƙarfe biyar, a tashi ƙarfe biyar ko da darakta na tsakiyar jin daɗin aiki. Ku matsa kusa da shi cikin ladabi ku ce, "Malam, saura minti goma." Iyaye da yawa ba su sakin jiki da wasan kwaikwayo, musamman in 'ya mace ce, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ke sa uba ya bar 'yarsa ta dawo gwaji gobe shi ne ya ga ta shigo gida yau kafin magariba kamar yadda aka yi masa alkawari. Alkawarin nan a wuyan manaja yake.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu mutanen Kaduna. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 kogi ya zama kamar iyaka a garin nan, jama'a suka rarrabu, kowa ya koma inda ya fi samun kwanciyar hankali. Yara da yawa sun girma ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ɗakin gwaji na cikin wuraren da har yanzu za ku ga ɗan Gbagyi da 'yar Bajju da Bahaushe da Bayarabe da ɗan Ibo suna dariya tare, yawanci ma da Hausa. Wannan zama yana da daraja a wurina ƙwarai, kuma abu kaɗan ke ɓata shi. Wasanninmu sun daɗe suna neman dariya ta hanyar kwaikwayon Hausar wasu ƙabilu. A wasan 'yar ƙanwata akwai irin wannan, ita ce kuma ta lura wani yaro na sunkuyar da kai duk lokacin da aka zo wurin, daga baya ma ya fara fashin gwaji. Darakta na gaba yana kallon masu magana, bai gani ba. Mai littafi da ke zaune a gefe ita ke ganin fuskokin waɗanda ba su magana. Ta sami darakta shi kaɗai bayan an tashi ta faɗa masa, ya cire wurin, yaron ya dawo.

Ku lura da yadda ta yi: ta kai wa darakta, ba ta gyara da kanta ba. Nan ne masu wayo suka fi faɗawa rami. Bayan mako uku kun haddace wasan fiye da kowa, sai ku ji bakinku na ƙaiƙayi ku ce wa ɗan wasa ga yadda zai faɗi layinsa. Ku kame. Wasa ba ya ɗaukar darakta biyu. Ko tuna wa wanda ya manta layi, sai kun tabbatar mantawa ya yi, domin wani shirun da gangan ne, kuma babu abin da ke ƙona ran ɗan wasa kamar a cusa masa magana yana tsakiyar shirun da ya shirya. Sannan ku tuna waɗanda za ku ba umarni sa'o'inku ne, wasu ma yayyenku. Wanda ya makara a ja shi gefe a tambaye shi lafiya, kada a tozarta shi gaban jama'a. Za ku ji sirrin mutane da yawa, wanda bai karya kumallo ba, wadda aka kora saboda kuɗin makaranta, waɗanda ba su ga maciji da juna. In magana ɗaya ta fita ta bakinku, ba wanda zai sake gaya muku gaskiyar abin da ya hana shi zuwa, daga nan kuwa jadawalinku ya zama zato.

Kada ku ɗauka baƙon aiki ne da Turawa suka kawo mana. Duk wanda ya yi tashe da azumi yana yaro zai tuna cewa a kowace ƙungiya akwai yaron da ba ya gaba. Shi ke riƙe da fitila, shi ya nemo audugar da aka yi wa tsoho gemu da tsumman da aka cusa a ciki, shi ya san gidan da aka riga aka shiga da wanda mai gidan ba ya son hayaniya, a wurinsa kuma ake tara hatsi da 'yan kuɗin da aka samu don kowa ya yarda da shi. Ranar da bai fito ba tashe kan watse tun kafin a zagaye unguwa. Abin da makaranta ta ƙara a kan wannan shi ne rubutu da agogo.

Waɗanda suka kafa karatun wasan kwaikwayo a Arewa ma sun san darajar aikin baya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an fara koyar da shi a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, a 1976 kuma aka kammala gidan wasan da wani mai zanen gini ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara da ginin ƙasa, ɗakuna zagayayyu masu jinka kewaye da fili, kamar tsakar gidan Bahaushe. A irin wannan wuri babu kaurin labulen da zai rufe muku asiri, 'yan kallo na iya zama ta kowane gefe, saboda haka ko kujera za a fitar sai an tsara wa zai ɗauka da ta inda zai bi. Daga can ne malamai da ɗalibai suka ɗauki wasa suka kai ƙauyuka, irin Wasan Manoma da aka yi a ƙasar Soba a 1977, sannan Maska da Bomo. Ku yi tunanin abin da ke bayan wasa a gindin bishiya: neman izinin dagaci, sanin ranar kasuwa, mota, ruwan sha, da tashi kafin duhu. Haka kuma lokacin da aka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, wanda aka buga a 1975, Umaru Ladan ya yi aikin ne tare da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad da ya ƙware a harkar fitilu da tsarin dandamali. Labarin da ya taso daga Kagara ya ratsa hamada da ayari ba zai hau dandamali ba sai da wanda ya san yadda ake sauya wuri cikin ƙiftawar ido. Mu da muka tashi muna kallon Samanja, wato Usman Baba Pategi, da Kasimu Yero, Allah Ya jiƙansu, sunayensu muka riƙe, kuma sun cancanta. Amma kowace fitowa tasu akwai wanda ya tanadi kaki da hula, ya duba makirfo, ya ɗaga hannu ya ce a fara.

Ba zan ce muku aikin nan zai sa ku kuɗance ba. Gidajen wasa masu aiki kullum sun yi ƙaranci a ƙasarmu. Sai dai hannun da ya iya shi ba ya rasa abin yi. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990 masu fim ke buƙatar mai rubuta wace hula jarumi ya sa da ta wane hannu ya riƙe kofi, don kada hoton yau ya saɓa da na jiya. Gidajen rediyo da talabijin da masu shirya manyan taruka duk irin mutumin nan suke nema.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne rayukan mutane. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya a Kano, mutum fiye da 300 suka rasu a ciki. Duk wanda zai tara jama'a a ɗaki ɗaya ya kashe fitila ya kamata ya san wannan labari. Na sha shiga zauren taro na tarar an garƙame ƙofofin gefe da kwaɗo wai don kada yara su saci shiga. Ku zagaya da ƙafarku kafin a buɗe wa 'yan kallo, ku tura kowace ƙofa da hannunku, wadda ke kulle ku nemo mai makulli, in ya ƙi ku kai maganar gaba, kada ku ce a fara. Janareta ya yi nesa da taga saboda hayaƙi, kada a zuba masa mai yana aiki, jarka kuma a kai ta wani wurin daban. Mu da muke maƙwabtaka da matatar mai tun da aka buɗe ta a 1980 bai kamata a koya mana abin da fetur ke yi ba. Wayar da ta ratsa hanya a danne ta da salatif. Kyandir ko aci-balbal kusa da labule, a'a, ko darakta ya nace. Wuƙa in za ta hau dandamali a dakushe ta, ko a sassaƙa ta itace. Bokitin yashi da na ruwa su kasance inda hannu zai kai.

Ranar wasa aikin ya koma ishara. Kowane sauyin fitila ko sauti yana da lambarsa a littafi. Kafin a iso wurin za ku ce, "Fitila ta 9, a shirya." In an iso ku ce, "Fitila ta 9," ku ɗan dakata, sannan, "tafi." Kalmar nan kullum ita ce ta ƙarshe, kuma ba a furta ta a cikin wata hira muddin ana wasa, domin yatsan mai fitila na kan makunni, ita kaɗai yake jira. Inda babu na'urar magana, ɗaga hannu shi ne a shirya, saukewa shi ne tafi. Na ce wa 'yar ƙanwata ba a fafe gora ranar tafiya, Yuli kuma damina ce: ta gwada ɗaukewar wuta kamar yadda ake gwada kowace fitowa. Sau uku ta kashe musu fitila ba zato a tsakiyar gwaji, har kowa ya san abin da zai yi.

Ranar wasansu na zauna can baya kusa da ƙofa. Ana cikin kashi na biyu hadari ya haɗo, ruwa ya sauko a kan kwanon zauren har muryar mai gari ta fara nutsewa, ba a jima ba aka ɗauke wuta. Yara suka fara ihu. Kafin ihun ya yi nisa fitilu biyu masu caji suka kama daga gaban dandamali, yara biyu da ta ajiye tun farko na durƙushe riƙe da su. 'Yan wasa na tsaye cak inda duhu ya same su, ba wanda ya waiga. Ta gefen labule na hango ta cikin baƙar riga, ƙaramar tocila a baki, yatsa a kan layin da aka tsaya, ɗaya hannun a sama. Na ƙirga a zuci, ban kai arba'in ba janareta ya tashi. Ta jira ƙararsa ta daidaita, ta sauke hannu, uwargidan mai gari ta ɗauki maganarta daga kalmar da ta bari.

Da aka gama aka kira 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ana tafi, iyaye na ɗaukar hoto da waya. Ita tana baya gaban tebur tana mayar da kowane abu cikin zanensa. Mahaifiyarta ta gaji da jira ta tafi ta bar ni in taho da ita, sai da aka kwashe kujeru ta zagaya ta kashe fitilu sannan muka fito cikin yayyafi. Washegari da hantsi ta yi sallama, ɗauke da sandata da babbar rigar da ta ara wa mai gari, a wanke a goge. Ta buɗe littafin, wanda yanzu ya kumbura har ba ya rufuwa, ta nemo shafin kayan aro, ta ja layi a kan sunana. Saura turmin maƙwabciyarsu da kujeru shida na majami'ar bayan layi, ta ce, tana so ta mayar kafin azahar.